Mai dogon zum ko mai gilashi ɗaya, wacce zan ɗauka?

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan kyamara, don ni dai kaina ya ɗaure.

Shekara uku ke nan da waya nake ɗaukar hoto, ban taɓa ƙorafi ba sai da tagwayena suka shiga ƙungiyar ƙwallon makarantarsu. Makon jiya ƙaramin ya ci ƙwallonsa ta farko. Ina tsaye a bakin fili, shi yana can wajen ɗaya ragar, na sa yatsu biyu na zuƙo iya zuƙowa na danna. Da muka koma gida ya ce, Mama nuna min. Abin da na nuna masa wani jan ɗigo ne kusa da raga, ko lambar bayan rigarsa ba ta karantuwa. Bai ce uffan ba, ya miƙo min wayata ya tafi. Abin ya tsaya min a rai.

Ban da ƙwallo, akwai wani zalɓe da ke sauka bakin ruwa a inda nake tattaki da safe. Ko taku goma na matsa sai ya tashi. Sannan ina son hotunan yaran a cikin ɗaki da daddare, wanda a waya fuskokinsu ke fitowa kamar an shafe su da man kitso.

Na yi ɗan bincike na tsaya a kan Nikon P950, wai tana zuƙowa sau 83. Amma ƙanin maigidana ya ce ɓarnar kuɗi ce, in nemi Ricoh GR III ko Fujifilm X100, masu gilashi ɗaya da ba sa zum ko kaɗan, wai hotonsu ya fi kyau nesa ba kusa ba. Ta yaya kyamarar da ba ta zuƙowa za ta fi mai zuƙowa sau 83? Ba na son irin waɗanda ake cire wa gilashi ana sauyawa, na san halina, a jaka za su tsufa. Ɗaya tak zan iya saye.

Ɗan Tsuntsu:

Wa alaikumus salam. Yaya, kada ki bari a ruɗe ki, ɗauki mai zum. Ni P900 nake riƙe da ita, yayar wadda kika ambata, ta 2015, ita ma zum ɗinta daga milimita 24 (hoto mai faɗi) zuwa 2000 (ƙarshen zuƙowa) yake. Daren da na fara juya ta sama na ga ramukan da ke jikin wata ƙuru-ƙuru a allo, sai da na tashi mutanen gidanmu daga barci su zo su gani. Zalɓen nan naki kuwa, daga inda kike tsaye za ki ɗauko ƙwayar idonsa, shi bai ma san kina yi ba. Mai gilashi ɗaya ba za ta taɓa yi miki wannan ba, ko ita ce sarauniyar kyamarori. Sun ce wai ka yi zum da ƙafarka. To a gaya wa tsuntsu ya jira.

Tsohon Mai Hoto:

Malama, ƙanin maigidanki bai yi ƙarya ba, Ɗan Tsuntsu ma bai yi ba. Kowa tambaya daban ya amsa.

Bari in fara da 83 ɗin nan. Ba ma'aunin kyau ba ne. An raba 2000 ne da 24, shi ke nan. Abin da ba a rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali shi ne girman sensa, wato ɗan farantin da ke can ciki yana karɓar haske, a gurbin da fim yake zama a zamaninmu. Ta P950 tsawonta bai fi milimita 6 da ɗoriya ba, faɗinta huɗu da rabi. Dubi farcen ƙaramin yatsanki, sensar ba ta ma kai shi ba. Ta GR III da X100 kuwa wajen milimita 23 da rabi ce a 15 da rabi, wadda ake kira APS-C. In kika lissafa fili, ta ninka waccan kusan sau 13. Kamar ki ajiye kofi da faranti a ruwan sama ne, in ana sheƙawa duka za su samu, in yayyafi ake sai ki ga bambanci. Da rana tsaka kowace kyamara gwana ce. Magariba ke tona asiri.

Kuma ba rowa ce ta sa suka ƙanƙance sensar ba, dole ce. Gilashin P950 na gaskiya milimita 357 ne a ƙarshensa, ƙanƙantar sensar ce ke sa ya hango abin da na 2000 zai hango a babbar kyamara. Da za a ce sai an yi wannan zuƙon da babbar sensa, da sai kin ɗauki ɗan dako.

Sai kuma ƙofar haske. Tana farawa a f/2.8, amma kina zuƙowa tana tsukewa har ta kai f/6.5, hasken da ke shiga ya ragu fiye da sau biyar. Ga yaro yana gudu, kina buƙatar ƙiftawa mai sauri, misali ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, don kada ƙafarsa ta zama hayaƙi. Haske ya yi kaɗan, sai kyamara ta ɗaga ISO, wato ta ƙara wa ɗan hasken da ta samu ƙarfi, sai hoton ya cika da tsaki-tsaki, ita kuma ta goge tsakin har da gashin gira. Man kitson da kike kuka da shi a waya ke nan, zai biyo ki.

Na taɓa riƙe irin waɗannan masu dogon hanci na shekara biyu, ba wannan kamfanin ba ma. Abin da ya fi ba ni wahala ba haske ba ne, nemo abin da nake son ɗauka ne. In ka zuƙo har ƙarshe, numfashinka kaɗai ya isa ya fitar da tsuntsu daga allo, ka koma kana lalube cikin ganye. Da rana ta take kuma, zafin da ke tashi daga ƙasa sai ya sa duk abin da ke nesa ya riƙa rawa kamar a cikin ruwa. Wannan babu kuɗin da ke gyara shi. Sai na lura yawancin hotunana masu kyau ban wuce 600 ba.

Amma fa ga inda zan saɓa wa ƙanin maigidanki. Mu ce ɗanki yana nisan mita 50. Gilashin GR III daidai yake da milimita 28. A wannan nisan, hoton zai kwaso kusan mita 43 daga sama zuwa ƙasa, yaro mai mita ɗaya da 'yan kai a ciki ɗigo ne. Jan ɗigon nan dai, sai dai wannan karon ɗigo mai tsabta. A milimita 400 kuwa, mita uku kacal hoton zai ɗauka, yaron ya cika kusan rabinsa, har ki ga bakinsa a buɗe yana ihu. A 2000 kuma santimita 60 ne, kai da kafaɗa kawai, ƙwallon ma ba ta ciki.

Ki buɗe wayarki ki duba hotuna ɗari na ƙarshe. Nawa ne kika zuƙo, nawa ne duhu ya ɓata? Ki dawo ki gaya mana.

Uwar Biyu:

Baba, Allah ya saka da alheri, yau na fahimci abin da aka yi wata guda ana min bayani ban gane ba. Na ƙirga kamar yadda ka ce, na cire hotunan takardu da na rasit. Cikin ɗarin, 41 na zuƙo, kuma kusan duk sun lalace. Na cikin ɗaki da suka yi dishi-dishi 12 ne, sauran lafiya lau. Wani abin da ban lura da shi ba sai yau, na ɗakin ko sun lalace ban goge su ba, ana gane wane ne, ana ganin dariyar. Na filin ne ba su da amfanin komai.

Mai Kyamarar Aljihu:

'Yar'uwa, ni ina cikin masu gilashi ɗaya, shekara huɗu ba na fita sai da tawa, amma ba zan ce ki bi ni ba.

Dalilin da ya sa nake son ta: tana shiga aljihun riga. GR III ba ta fi giram 260 ba, P950 kuwa kusan kilo guda ce, ga hanci, sai da jakarta. Kyamarar da ta yi nauyi ranar farko ake ɗokinta, wata uku sai ta koma saman kabad. Kuma idan ka daɗe da gilashi ɗaya idonka yakan saba, kafin ka ɗaga ta ka riga ka san abin da zai shiga da abin da zai fita. Mutane ma ba sa tsarguwa da ita, suna ɗauka abin wasa ne, sai su ci gaba da harkarsu.

Tana da nata ciwon. Tawa, ba zan faɗi sunanta ba, ƙura ta taɓa shiga ta zauna a kan sensa, duk hoton da ke da sararin sama sai ga wani baƙin tabo a kusurwar hagu. Tunda gilashin ba ya cirewa, ba yadda zan goge da kaina, sai da aka kwance ta wajen mai gyara. Ita GR III kuma ba ta da tagar leƙe, ba ta da filasha, batirinta wajen hoto 200 yake yi. A filin ƙwallo da rana, allo kaɗai za ki dogara da shi, kina kare shi da tafin hannu.

Abin da ba wanda ya faɗa shi ne, babbar kyamarar wayarki ita ma gilashi ɗaya ce mai faɗi, yawancinsu tsakanin milimita 24 da 28 suke. Kin ga in kika sayi GR, abin da wayarki ke yi kika ƙara wa kyau. Abin da ta kasa yana nan yadda yake. Ga lissafinki ma ya nuna, 41 da 12.

Sai dai ba dole sai 83 ba. Akwai na tsakiya masu sensar da ake kira inci ɗaya, milimita 13.2 a 8.8, ta ninka ta P950 kamar sau huɗu. Panasonic FZ1000 tana kai 400, ƙofarta kuma ba ta tsukewa ta wuce f/4. Sony RX10 IV ta 2017 tana kai 600, kuma tana da saurin kama abin da ke gudu, amma ta fi tsada sosai, ta kuma haura kilo. Don ƙwallo da yamma ni FZ1000 zan duba. Zalɓen ne kawai zai ɗan yi miki nisa.

Ɗan Tsuntsu:

400 ga tsuntsu? Haba Anti. Sai dai in ɗaure shi aka yi.

Tsohon Mai Hoto:

Zalɓe ba kanari ba ne, yaro, tsayinsa ya kusa mita. Ta ɗauka a 400 ta yanke gefe, megafiksel 20 ne, akwai rara. Malama, kafin ki biya, ki riƙe ta a hannu tukuna, ki zuƙo har ƙarshe ki bi wani mai tafiya da ita, ki ga ko za ki iya riƙe shi a allo.

Uwar Biyu:

Na gode muku duka. Zan gwada FZ1000 da P950 a hannu kamar yadda Baba ya ce, na ɗakin kuma waya ta ci gaba da fama. Ɗan Tsuntsu, kada ka yi fushi, ban cire taka ba tukuna, maganar watan nan ta shiga raina. Wasansu na gaba ƙarfe biyar na yamma ne, rana tana bayan ragar da suke fara kai wa hari. In tsaya ta wane gefe?