Neman kalma: me za mu kira yanke wa aiki ɗaya hukunci biyu a maganar yaƙi da ta'addanci?

Mai Shiri, Tudun Wadan Zariya: Assalamu alaikum, malamaina. Ranar Alhamis da safe za a naɗi shirina na rediyo, kuma batun wannan mako shi ne yadda ɓangarorin da ke yaƙi da juna, su da magoya bayansu, suke hukunta kisan farar hula. Rubutun da nake fassarawa yana ta maimaita abin da ake kira "double standard" da Turanci, wato aiki iri ɗaya, amma idan abokin gaba ne ya aikata a ce ta'addanci ne ko laifin yaƙi, idan kuwa na gida ne a ce larura ce ko kuskure. Misalinsa na farko Yaƙin Duniya na Biyu ne: a 1945 jiragen Ingila da Amurka sun ƙone birnin Dresden na Jamus, jiragen Amurka sun ƙone Tokyo a dare ɗaya har mutum wajen 100,000 suka mutu, aka kuma jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki, amma duk waɗanda aka gurfanar a kotunan Nuremberg da Tokyo daga ɓangaren da aka ci da yaƙi suke. Ina neman kalma gajera wadda mai saurare zai gane da jin farko.

Malama daga Kongo, Zariya: Wa alaikumus salam. A ganina "fuska biyu" ta wadatar, domin na sha jin ta a labarun duniya da wannan ma'ana. Idan kuma kana son wadda ta fi kaifi, ai "munafunci" na nan.

Lauya, Sabon Gari: Malama, a yi mini afuwa, amma duka biyun tuhuma ce a kan zuciyar mutum, alhali munafiki ya san abin da yake ɓoyewa. Mai wannan hali kuwa sau da yawa da gaskiyarsa yake magana, domin ya yarda har ransa cewa mamatan ɓangarensa zalunci aka yi musu, na wancan ɓangaren kuwa tsautsayin yaƙi ne ya rutsa da su. Shari'ar Nuremberg ɗin ma ta nuna bambancin. Tarayyar Sobiyet ta sa kisan kiyashin da aka yi wa fursunoni a dajin Katyn cikin tuhumar da ake yi wa Jamusawa, alhali jami'anta ne suka kashe waɗannan fursunoni 'yan Poland a 1940, kuma ba ta amsa laifin ba sai a 1990. Wannan shi ne munafunci tsantsa. Amma da aka tuhumi Karl Dönitz, shugaban rundunar ruwan Jamus, da nutsar da jiragen 'yan kasuwa ba tare da gargaɗi ba, sai lauyansa ya kawo rubutacciyar shaidar Chester Nimitz, babban kwamandan rundunar ruwan Amurka, cewa su ma haka suka yi wa jiragen Japan, kotun kuwa ta bayyana cewa ba a kan wannan tuhuma ta gina ɗaurin shekara 10 da ta yanke masa ba. A nan aibin da aka tono yana jikin abin da ake aunawa da shi ne, don haka shawarata ita ce "ma'auni biyu".

Malam daga Limancin Kona: Na yarda da hujjar lauya, sai dai "ma'auni biyu" ta yi kama da maganar aji, kuma mai saurare a ƙauye zai iya ɗauka ana nufin ma'aunin zafi da na nauyi. Me zai hana a ce "awo da mudu biyu"? Duk wanda ya taɓa kai hatsi kasuwar Giwa ya san ɗan awon da ke da mudu mai faɗin baki na saye, wanda ake cika masa har da tozo, da wani na sayarwa da aka bubbuge gindinsa ya shige ciki, kuma idan aka dube su daga nesa duka biyun sunansu mudu. Farkon Suratul Muɗaffifina ma a kan wannan yake, masu cika awo idan za su karɓa, su tauye idan za su bayar. Jaridun Larabci kuwa "alkailu bi mikyalaini" suke cewa idan suna maganar nan da ake yi.

Dattijo daga Ƙaura: Allah ya gafarta Malam, da bakinka ka faɗi inda ka ɗauko ta. Lauya ya juyo tasa daga Turanci, kai ka juyo taka daga Larabci, kamar Hausa ba ta san wannan hali ba sai da baƙi suka nuna mata. Muna da mowa da bora tun kaka da kakanni. Ɗan mowa ya fasa tulu a ce ƙuruciya ce, ɗan bora ya fasa a ce mugun hali ne. Kalmar da na daɗe ina amfani da ita ita ce "mowanci", kuma tana karɓar duk abin da aka ɗora mata: ya yi mowanci, hukuncin mowanci, 'yan mowanci. Ba kuma sai mun tafi Jamus neman misali ba. A 1902 Magajin Keffi, wakilin Zazzau a can, ya kashe Kyaftin Moloney, Turawa suka kira shi kisan gilla, suka sa shi cikin dalilan yaƙar Kano a 1903 saboda can ya gudu aka karɓe shi. A 1906 mutanen Satiru, wani gari kusa da Sakkwato, suka kashe Turawa uku, aka koma aka shafe garin, aka kashe mutum wajen 2,000, aka rubuta cewa an murƙushe tawaye. Idan wannan ba mowanci ba ne, a gaya mini mene ne.

Malama daga Kongo: Baba, misalanka sun zauna daram, amma kalmar tana da rauni biyu. Na farko, mowa da bora suna buƙatar maigida ɗaya da ke fifita wata a kan wata, alhali a yaƙi kowane ɓangare kansa yake yi wa sassauci, babu wani na uku a tsakani. Na biyu, idan aka ji "mowanci" a rediyo ana tsakiyar maganar gawarwaki, da yawa za su ɗauka an koma zancen kishiyoyi ne, wasu ma su yi dariya.

Dattijo daga Ƙaura: 'Yata, ba wanda aka haifa da sanin kalma. A nan Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma daga nan aka koya wa Arewa kaf yadda ake ba da labarin Yaƙin Duniya da Hausa, ba tare da an jira izinin kowa ba. Yau kuwa sai mun saurari abin da gidajen rediyon ƙetare suka ce, ko abin da aka amince da shi a Kano, sannan mu buɗe baki. Da wani farfesa ne ya kawo "mowanci" a taron ƙara wa juna sani, da tuni an tafa masa.

Ɗalibi a Samaru: Ranka ya daɗe, ni Bakano ne karatu ya kawo ni, kuma ban ga abin da ya sa Kano cikin maganar nan ba. Hasali ma mu "kwano" muka fi cewa a wajen awo, wasu wuraren kuma "tiya", amma ban ce a yi "kwano biyu" ba, domin mudu kowa ya san shi. Daidaitacciyar Hausar da aka buga jaridar da kake alfahari da ita, a kan karin Kano aka gina ta.

Dattijo daga Ƙaura: An gina ta a kan karin Kano, amma a Tudun Wada aka yi aikin, kuma yaro bai kamata ya manta wanda ya riƙe alƙalamin ba.

Lauya, Sabon Gari: Mai Shiri yana da ranar Alhamis a gabansa, don haka mu gwada kalmomin cikin jimloli na gaske. Sunan Nelson Mandela bai fita daga jerin waɗanda Amurka ke sa wa ido kan ta'addanci ba sai a 2008, shekara 15 bayan ya karɓi kyautar Nobel. Menachem Begin, wanda ƙungiyarsa ta Irgun ta tayar da bam a otal ɗin King David da ke Ƙudus a 1946 mutum 91 suka mutu, ya zama firaministan Isra'ila a 1977. Gwamnatin Amurka ta ce sammacin da Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta bayar a kan Putin a 2023 daidai ne, ta kuma yi tir da wanda kotun ta bayar a kan Netanyahu a 2024. A irin waɗannan, inda babbar ƙasa ke zaɓar wanda za ta shafa wa mai, kalmar Baba tana iya shiga. Amma akwai jimlar da dole kalmar ta iya ɗauka, in ba haka ba ta zama makamin ɓangare ɗaya. Wanda ya yi kukan farar hular da aka kashe a Isra'ila ranar 7 ga Oktoban 2023, ya kuma nemi uzuri ga dubban da aka kashe a Gaza, da wanda ya yi kukan na Gaza ya nemi uzuri ga na 7 ga Oktoba, dukansu sun yi awo da mudu biyu. Ku gwada sa "mowanci" a nan ku ji ko ta tsaya. Har yau Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta cimma ma'anar ta'addanci guda ɗaya da kowa ya amince da ita ba, shi ya sa kowa ke zuwa da nasa mudun.

Malam daga Limancin Kona: Ƙari ɗaya kawai: nuna cewa abokin gaba ya yi awo da mudu biyu ba ya wanke laifin wanda ya nuna ɗin, kuma yana da kyau Mai Shiri ya faɗi haka a fili, domin masu saurare da yawa nan suke tsayawa.

Mai Shiri, Tudun Wada: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan yi amfani da "awo da mudu biyu" a cikin bayani, tare da jimla ɗaya ta fashin baƙi a karon farko. Inda ake buƙatar suna gajere, kamar a kanun shirin, "ma'auni biyu" zan sa, ko da yake ban gamsu da ita sosai ba. "Munafunci" zan bar wa labarin Katyn. Misalin Satiru da na Keffi kuwa, Baba, da izininka zan ƙara su a shirin.

Dattijo daga Ƙaura: Misalan ba nawa ba ne, tarihi ne, ka ɗauka. Mudun Malam ya fi ma'aunin lauya, wannan kam na yarda, amma har yanzu aro ne, kuma ni a rubuce-rubucena "mowanci" zan ci gaba da sawa. Ka sanar da mu ƙarfe nawa za a sa shirin.