Na gama hidimar ƙasa, aikin zuba jari ya ƙi samuwa

Assalamu alaikum. Tattalin arziki na karanta, na fita da 2:1, bara na gama hidimar ƙasa. Aikin nazarin hannun jari nake nema. Kamfanoni 12 na tura wa takarduna a Legas, 2 kawai suka kira ni. Gwajin lissafi na ci, amma a ganawar ƙarshe aka miƙo mini bayanan kuɗin wani kamfanin siminti, wai in ƙiyasta darajarsa a Excel cikin awa ɗaya. Nan na yi tsuru-tsuru, ko rabi ban kai ba.

Shekarata 26, ga shi suna ƙayyade shekaru. Ina so in yi jarrabawar ƙwarewa: CFA (ta masu nazarin zuba jari ta duniya) da dala ake biya, CIS (ta dillalan hannun jari ta Najeriya) da naira, kuɗina kuwa ɗaya kawai zai ɗauka. Waɗanda suka shiga harkar, wanne ya fi saurin buɗe ƙofa?