"Mutuwa mai yankan ƙauna": wace ƙaunar take yankewa?

'Yar Katsina: Assalamu alaikum. Wata tara ke nan da rasuwar mahaifiyata. Ranar sadakar uku gwaggona ta dafa kafaɗata ta ce, "Sai haƙuri 'yata, mutuwa mai yankan ƙauna ce." Tun ranar maganar take damuna. Ni ƙaunar da nake wa Inna ba ta yanke ba, ƙaruwa ma ta yi. Carbinta na nan rataye a ƙusar da ta saba, lambarta ma na kasa gogewa a waya. Anya maganar nan daidai ce?

Ɗan Damagaram: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Ƙanwata, ƙauna a nan ba so ake nufi ba. Ai mukan ce "na yanke ƙauna da kuɗin nan", wato na fid da tsammani. Mara lafiya komai jin jikinsa ana sa rai. Wanda ya tafi ci-rani Kurmi, ko shekara goma ya yi, ana jiran sallamarsa. Mutuwa ce kaɗai ke sa a daina jira.

Maman Biyu: Yaya, ban yarda gaba ɗaya ba. Matan da ke faɗarta a gidan makoki so suke nufi, kuma akwai gaskiya a ciki. Da maigidana ya rasu, kafin in fita takaba, wata huɗu da kwana goma kacal, abokansa da suke cika mana zaure kullum bayan magariba duk sun ɗauke ƙafa. Mutum ɗaya ya rage, wanda ban ma ɗauke shi a bakin komai ba, shi ke kawo wa yara buhun masara duk kaka. Ta yanke ƙaunar wasu a idona, ta kuma nuna mini wanda ya cancanci godiya.

Malamin Allo: Duk fassarar biyu tana ɗaukuwa. Abin da nake gudu shi ne mai sabon rashi ya ji "yanke ƙauna" ya kai ta inda ba a nufa ba. Annabi Yaƙub ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, amma shi ne ya ce wa 'ya'yansa kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Yana cikin Suratu Yusuf, aya ta 87. Kuma Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa idan mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. 'Yata, ke ce ta ukun nan. Ni dai a wajen ta'aziyya ba na faɗar wannan kirari, na fi son "Allah ya sada ku a Aljanna."

Ɗan Damagaram: Allah ya gafarta Malam, haka ne. Sai dai tsofaffinmu ba da mugun nufi suke faɗa ba, kukan ne ke fitowa a haka.

'Yar Katsina: Na gode ƙwarai. Malam, ka sa ni hawaye. A watannin farko ko alhamdulillahi nauyi take mini a baki. Yanzu ina faɗarta da zuciya ɗaya, domin ni na yi jinyarta, a kan cinyata ta cika, kuma na ji kalmar shahada daga bakinta. Duk Juma'a Inna takan dama koko ta raba wa almajiran layinmu. Da can ina mata ƙorafin hayaniyarsu a ƙofar gida. Jiya da yamma na jiƙa gero, gobe da asuba zan dama a tukunyarta. Gwaggo ta ce za ta zo da ƙosai.