Ƙarin garantin mota a kan sefa 850,000: in saya ko in ajiye kuɗina?

Mai Albasa, Garwa

Assalamu alaikum, jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin harkar mota. Ina da a-kori-kura mai shan gazuwal wadda na saya sabuwa a wurin dillalin kamfani shekara 2 da wata 8 da suka wuce, kuma takardar garantin da aka ba ni ta ce shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika. Yanzu mitar motar tana kan kilomita 88,000, wato garantin ya kusa ƙarewa ta kowace fuska. Da na kai ta juye a makon jiya, sai ma'aikacin ya kawo mini tayin ƙarin garanti na shekara 2 ko zuwa kilomita 150,000 a kan sefa 850,000, ya kuma ce sai na yanke shawara kafin na farkon ya ƙare, domin bayan haka ba su sayarwa.

Aikin motar shi ne ɗaukar albasa da gyaɗa tsakanin Garwa da Marwa, wani lokaci in hau Ngaundere, kuma idan kasuwa ta yi kyau nakan kai har Kusiri in ƙetare gadar Ngeli zuwa Njamena. Har yau ba ta taɓa ba ni babbar matsala ba, in ban da batir da kayan birki da na canza da kuɗina. Abin da yake tsorata ni shi ne yadda nake jin cewa gyaran famfon mai da injektoci (masu fesa mai a cikin inji) na irin waɗannan sababbin injuna yana iya cinye ribar kaka guda. A ɗaya gefen kuma, sefa 850,000 kuɗi ne da zan iya juyawa a fatauci. Shin akwai wanda ya taɓa sayen irin wannan ƙarin garanti a nan arewa, ya kuma ga amfaninsa a lokacin da mota ta lalace?

Tsohon Makanike, Marwa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Abu na farko da ya kamata ka riƙe shi ne, garanti yana biyan lalacewar da ta samo asali daga ƙira ko daga haɗin masana'anta ne kawai, ba ya biyan abin da hanya da zafi da ƙura suka cinye. Mu kuwa a nan yawancin abin da yake kawo mota garaji aikin hanya ne. Duk wanda ya bi Mora zuwa Dabanga zuwa Kusiri da kaya ya san abin da ramuka suke yi wa shokozoba da ƙafafun mota, haka kuma wanda yake sauka gangaren Ngaundere da lodi ya san yadda birki da kuloci suke ƙarewa. Waɗannan duka, tare da taya da batir da bel da filtoci, ana lissafa su cikin kayan da suke cinyewa da amfani, kuma kusan kowace takardar garanti tana cire su.

Maganar famfo da injektoci da ka kawo ita ce ta fi buƙatar natsuwa, domin a nan ne ake samun saɓani tsakanin mai mota da kamfani. Sababbin injunan gazuwal suna tura mai da matsi mai tsananin ƙarfi ta ramukan da ido da ƙyar yake gani, saboda haka ɗan ruwa ko ɗan yashi a cikin mai ya isa ya goge cikin famfo, sai ɓarɓashin ƙarfe ya bi bututu ya lalata injektocin gaba ɗaya. Idan aka kai irin wannan mota wurin dillali, abin da za su fara yi shi ne su kwance filtar mai su zazzage ta a cikin kwalba mai haske, su ajiye ta ta kwanta. Idan ruwa ya taru a ƙasa, ko suka ga laka a jikin takardar filtar, za su rubuta cewa gurɓataccen mai ne ya jawo, kuma daga nan maganar garanti ta ƙare. Don haka ka tambayi kanka tsakani da Allah: a ina kake shan mai? Idan kai ko yaron motarka kukan tsaya wurin masu jarka a bakin hanya, ko da sau ɗaya ne a cikin daji don mai ya yanke, to ɓangaren da ka fi tsoro shi ne wanda ya fi sauƙin a ƙi biya maka.

Sai kuma sharaɗin juye. Irin wannan garanti yakan tilasta a yi kowane juye a garajin dillali, a kan kilomitar da littafin mota ya ƙayyade, a buga hatimi. Kai da kake Garwa da sauƙi, amma ka tuna Marwa ta fi kilomita 200 daga gare ka, Kusiri kuma ta fi haka nesa daga Marwa, kuma idan lokacin juye ya riske ka a can tsakiyar kakar albasa, ko dai ka bar kasuwa ka dawo, ko ka wuce ƙa'ida ka ba su hujja a kanka. Kuɗin juyen dillali ma ya fi na garajin unguwa, kuma wannan bambancin na tsawon lokacin garantin yana cikin ainihin farashin abin da ake sayar maka, ko da yake ba a rubuta shi a takarda ba.

Ma'aikaciyar Inshora, Ngaundere

Alhaji, bayanin Baba makanike ya wadatar ta fuskar inji, ni kuma zan taɓa lissafi da takarda. Motarka ta yi kilomita 88,000 a wata 32, wato kimanin 2,750 a kowane wata. Ƙarin garantin zai fara aiki ne daga wajen 100,000 ya tsaya a 150,000, kuma da irin tafiyarka za ka cinye wannan 50,000 a cikin wata 18. Ashe ke nan ba shekara 2 kake saye ba, shekara ɗaya da rabi ce, a kan sefa 17 ga kowace kilomita, ko kusan 47,000 a wata. Ka kuma tambaya ko harajin TVA da ake ɗorawa a kan farashin kaya, wanda yake kashi 19.25 cikin ɗari a Kamaru, yana cikin 850,000 ɗin ko za a ɗora shi a kai.

Kada ka sa hannu sai an ba ka cikakkiyar yarjejeniyar ka tafi da ita gida, domin ƙaramar takardar talla ba ita ce za a duba ba ranar da aka samu saɓani. Ka nemi sanin wanda yake tsaye a bayan garantin: masana'antar da ta ƙera motar ce, ko dillalin ne da kansa, ko kuwa wani kamfanin inshora ne dillalin yake sayar masa a kan kamasho. Idan na ukun ne, to kafin a taɓa motarka sai an aika rahoto, sai gwanin da kamfanin ya naɗa ya duba ya amince, kuma motar tana ajiye duk tsawon wannan lokaci. Amfaninsa ɗaya shi ne, kamfanin inshora yana ƙarƙashin dokar CIMA, ƙungiyar harkar inshora ta wasu ƙasashen Afirka, wadda Kamaru da Cadi suke cikin ƙasashen da suka rattaba hannu a kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, saboda haka akwai hukumar da ke sa ido a kansa.

Akwai layuka uku da mutane ba su cika karantawa ba, kuma su ne suke rage abin da za a biya. Akwai iyakar kuɗin da za a biya a gyara ɗaya ko a tsawon garantin duka. Akwai kason da mai mota zai fitar daga aljihunsa a kowane gyara. Akwai kuma ragin tsufa, inda za a ce tunda motar ta yi kilomita kaza, kaso kaza na kuɗin sabon kaya ne kawai za a biya. Na ukun nan ya fi cutar da mai tafiya da yawa irinka, domin lokacin da inji ya fi kusa da lalacewa shi ne lokacin da biyan ya fi ƙanƙanta.

Tunda kana shiga Njamena, ka duba ƙasashen da garantin yake aiki a cikinsu. Mutane da yawa suna ɗauka cewa katin inshora na CEMAC (ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Tsakiya) da suke nunawa a kan iyaka ya shafi komai, alhali shi yana ɗaukar nauyin ɓarnar da ka yi wa wani ne a hatsari, ba ruwansa da injinka. Idan takarda ta ce Kamaru kaɗai, motar kuma ta tsaya a hayin kogin Logon, ɓangaren Cadi, jan ta zuwa Garwa a wuyanka yake. Haka nan ka tabbata an rubuta cewa motar ta fatauci ce, domin wasu yarjejeniyoyin suna cire motar haya da ta ɗaukar kaya, ko su soke garanti idan aka tabbatar an yi lodi fiye da abin da katin mota ya nuna. Kai ka san yawan buhunan da ake ɗora wa a-kori-kura a kasuwar albasa, ba sai na faɗa ba.

Ɗan Kwangila, Kusiri

Ni ra'ayina ya ɗan bambanta da na Hajiya da Baba, domin na saya kuma na ci moriyarsa. Giyabos na motata ya fara ƙara bayan garantin farko ya ƙare da 'yan watanni, aka kwance aka ga lahanin daga ciki ne, aka canza ban biya komai ba sai kuɗin mai. Da daga aljihuna ne, da sai na sayar da wani abu. Abin da ya taimake ni shi ne littafina cike yake da hatimi, kuma ina ajiye rasit na gidan mai a cikin ambulan a aljihun mota, don haka ba su samu inda za su kama ni ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Amma gaskiya motar ta daɗe a garaji tana jiran kaya daga Duwala, kuma hayar motar da na yi a wannan lokaci ba wanda ya mayar mini. Idan za ka saya, Alhaji, ka nemi a rubuta maka iyakar kwanakin gyara, ko a ba ka motar aro idan an wuce su.

Malamin Islamiyya, Gidar

Ina so in ƙara fuska ɗaya da ba a taɓa ba. Garantin da ya zo tare da mota a cikin farashinta ba a cika samun saɓani a kansa ba, domin sharaɗi ne da yake bin ciniki. Wanda ake saye daban da kuɗi na musamman shi ne malamai da yawa na wannan zamani suke kwatanta shi da inshorar kasuwanci, saboda mutum yana biyan sanannen kuɗi a kan abin da bai san zai samu ko ba zai samu ba, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke a Jidda a 1985 cewa inshorar kasuwanci tana ƙunshe da garari, wato rashin tabbas mai ɓata ciniki. Wasu malaman kuma suna sassautawa idan mai sayar da kayan ne da kansa ya ɗauki nauyin, musamman idan yarjejeniyar ta ƙunshi aikin dubawa da gyara sananne da ake yi a kan lokaci. Saboda haka tambayar da Hajiya ta ce ka yi, ta wanda yake tsaye a bayan garantin, tana da muhimmanci ta wannan fuskar ma. Ka kai takardar wurin malamin da ka amince da shi ya karanta kafin ka biya.

Mai Albasa, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na koma na karɓo cikakkiyar yarjejeniyar. Wani kamfanin inshora ne yake bayanta, tana aiki a Kamaru kaɗai, ta ɗauki inji da giyabos da turbo, amma an rubuta ƙarara cewa duk lalacewar famfo ko injekta da ta shafi ingancin mai ba ta ciki, kuma ragin tsufa yana farawa daga kilomita 120,000. Ban ga maganar motar aro ba ko kaɗan. Zuciyata ta fi karkata ga in bar shi, in riƙa ware sefa 50,000 a kowane wata a wani asusu da ba zan taɓa ba sai don gyaran mota. Baba, kafin garantin farko ya ƙare, akwai abin da ya kamata in yi?

Tsohon Makanike, Marwa

Akwai, Alhaji, kuma kada ka bari sai mita ta kai 99,000. Tun tana wajen 95,000 ka kai ta wurin dillali ka ce a yi mata cikakken bincike a ƙarƙashin garantin masana'anta. A jona ta da kwamfuta a karanta ma'aunin kowace injekta, a ba ka sakamakon a rubuce. A ɗaga ta sama a duba ko akwai yoyon mai a bayan inji da jikin giyabos da akwatin giyar baya, a cire bututun iska a taɓa sandar turbo a ji ko tana wasa. Ka sa makanikensu ya shiga ku zaga tare da ɗan lodi, domin wata ƙarar ba ta fitowa idan mota ba ta ɗauke da komai. Duk abin da ka ji ko ka gani, ko da sun ce ba komai ba ne, ka nace a rubuta shi a takardar aikin ranar tare da kwanan wata da kilomita, domin ƙorafin da aka rubuta kafin garanti ya ƙare hujja ce a hannunka idan abin ya bayyana daga baya.

Game da asusun kuwa, rauninsa yana watannin farko, lokacin da bai taru ba, don haka ka fara zuba masa wani abu mai kauri daga cikin 850,000 ɗin, sauran ka juya a kasuwa. Daga kuɗin farko ka sa a ɗaura maka ƙarin filta mai raba ruwa da gazuwal kafin famfo, amma sai bayan garantin ya ƙare, kada su ce ka canza tsarin motar. Ka koya wa yaronka zubar da ruwan da ta tara kowane mako, kuma lokacin hunturu, da ƙura ta yi yawa, ku riƙa duba filtar iska a ƙarshen kowace doguwar tafiya maimakon jiran ranar juye.