Na gama shirin makonni tara, yanzu kilomita 10 nake hange

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Shekarata 38, aikin ofis nake yi a Kano, kuma wata uku da suka wuce ko bene na hau sai na tsaya na mai da numfashi. Sai na bi shirin nan na Couch to 5K, wanda ke kai sabon shiga ga gudun kilomita 5 cikin makonni tara, gudu sau uku a mako. Makon farko gudun minti ɗaya ne, tafiya minti ɗaya da rabi, a yi ta maimaitawa, amma wallahi minti ɗayan ma da ƙyar nake kai shi. Ranar da na yi minti 20 ba tsayawa a mako na biyar, a filin sukuwa bayan sallar asuba, sai da idona ya kawo ruwa. Yanzu ina yin minti 30, barcina ya daidaita, kuma kunyar a gan ni ina gudu a titi ta fita daga raina.

Burina in shiga tseren kilomita 10 na gudun fanfalakin Legas a watan Fabrairu. Don haka na mai da gudun kwana biyar a mako, sai ga ƙwaurina na hagu ya fara ciwo. In ci gaba ko in dakata?

Wani daɗaɗɗen ɗan gudu: Wa alaikumus salam. Barka da ƙoƙari, ɗan'uwa. Ka dakata. Numfashi yana saurin sabawa, amma ƙashi da jijiya sun fi shi jinkiri, kai kuma ka ɗora musu kusan ninki a mako guda. Ka huta har ciwon ya lafa, ka koma kwana uku, sannan ka riƙa ƙara minti uku zuwa biyar a gudu ɗaya kawai cikin mako. Kuma ka sassauta, yadda za ka iya hira kana gudu. Fabrairu ba za ta gagare ka ba in sha Allahu.

Wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya: Yayana, danna ƙwaurin da yatsa. In ciwon ya bazu ne a tsawon ƙashin, galibi hutu da sanya ƙanƙara sun wadatar. In kuwa a wuri ɗaya yake tsam, ko yana damunka ko a tafiya, je asibiti, don ƙashi kan yi 'yar tsaga saboda yawan bugu.

Wani daga Zariya: Wane takalmi kake sawa? Ni na ƙwallo na fara da shi, na sha wuya. Ka kuma riƙa bin ƙasa maimakon kwalta. Ga hunturu na tafe, ranar da hazo ya yi kauri ka haƙura.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na danna, a bazu yake, kuma takalmin tsohon kambas ne. Zan huta mako guda, in sayi na gudu ranar Asabar.