Hazo ya hana jirginmu sauka a Lawanti, laifin matuƙi ne?

Maman Hanif, Gombe:
Assalamu alaikum. Don Allah masana harkar jirgin sama ku fitar da ni daga duhu. Ranar Talata na taho da Hajiyarmu daga asibiti a Abuja. Mun iso saman Lawanti, filin jirgin saman Gombe, har na ji fitar tayoyi, sai jirgin ya yi wani irin ruri ya sake ɗagawa. Ta taga ba abin da ake gani sai fari fat. Hajiya ta damƙe hannuna tana ta salati, har yau shatin farcenta bai ɓace ba. Sau biyu muna zagayawa, ƙarshe aka mai da mu Abuja. Rashin ƙwarewa ne? Na ji a Landan cikin hazo suke sauka.

Baban Ummi, Bauchi:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. 'Yar'uwa, wannan matuƙin addu'a ya kamata ki yi masa. Akwai na'urar da ake kira ILS, tana aika wa jirgi saƙon rediyo iri biyu: ɗaya ya saita shi da tsakiyar titin sauka, ɗaya ya nuna masa gangaren da zai bi. Amma hawa-hawa ce. A mataki na farko matuƙi zai sauko zuwa ƙafa 200 daga ƙasa, in bai hangi titin ko fitilunsa ba, dole ya tashi, doka ce. Mataki na biyu ƙafa 100. Na uku shi ne irin na Landan, inda jirgi kan iya sauke kansa da kansa. Shi ma sai abu uku sun haɗu: filin yana da na'urar, jirgin yana da tasa, an horar da matuƙan. Ɗaya ya ɓace, magana ta ƙare. Legas da Abuja an sa musu na ukun.

Kawu Na Jekadafari:
'Yata, ina saurayi a watan Janairun 1973 jirgin alhazai daga Jidda ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Legas ya nufa, rashin kyawun yanayi ya sa aka karkatar da shi. Har yau in na ga ana yi wa ma'aikata ihu don an ɗage tashi, gabana faɗuwa yake. Ku da aka mayar lafiya, ku gode wa Allah.

Inna Wuro:
Namu hazon ma ƙura ce daga Chadi, takan yi kwana biyu uku ba ta washe ba. Ni daga Disamba zuwa Fabrairu, in tafiyar asibiti ce, nakan bar rarar kwana guda, magungunan mara lafiya kuma a jakar hannu.

Maman Hanif:
Kawu, wallahi ina cikin masu faɗan a ranar, na ji kunya. Inna, maganin Hajiya na dare kuwa yana cikin akwati, sai bayan isha'i muka same shi.