Neman shawara: in jinkirta barbarar shanuna in tsawaita tatsa, ko kuskure zan yi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kiwon shanun madara. Wani abu ne yake ta yi min yawo a kai, na ce bari in kawo shi gaban waɗanda suka fi ni sani.

Shanu 34 nake tatsa, yawancinsu jinin shanun madarar Turawan nan Holstein ne ya rinjaya. Tun da na fara, tsarin da aka koya min nake bi: saniya ta haihu, a ba ta kwana 60, a yi mata allurar maniyyi, a tatse ta kwana 305, a ƙafar da ita, wato a daina tatsa, wata biyu, ta sake haihuwa. Maraƙi ɗaya duk shekara. A takarda abin gwanin sha'awa, amma a turke ba haka nake gani ba. Waɗanda suka fi madara ba sa kamawa a allurar farko, wata sai an yi mata uku ko huɗu. In kuma ta kama da wuri, lokacin ƙafarwa zai zo tana ba ni lita 24, hantsa tam, ni da bakina in ce a daina tatsa. Sai ta yi kwanaki nono na ɗiga, daga baya kumburin hantsa ya biyo. Bara kuma na rasa biyu cikin mako biyu da haihuwarsu. Ɗaya ta kwanta ta kasa tashi, ɗayar mabiyiya ta ƙi fita har mahaifa ta kamu da ciwo.

Shi ne na ce, tunda wahalar duk a wajen haihuwa take, me zai hana in ɗaga barbarar garken gaba ɗaya zuwa kwana 200 bayan haihuwa? Kowace ta riƙa haihuwa bayan wata 16 ko 17, in yi ta tatsa abina. Akwai wanda ya taɓa gwadawa? Don Allah a faɗa min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba.

Dattijo mai tsohon garke:
Wa alaikumus salam. Yaro, Allah ya mayar maka da alherin waɗanda ka rasa. Amma ka bi a hankali. Saniya ba ta madara sai ta haihu, kuma madarar da ke cika bokiti ita ce ta watannin farko. Duk jinkirin da ka yi, ka rage yawan watannin nan ne a rayuwarta, ka ƙara na ƙarshen tatsa inda take ɗan tsiyayowa. Sannan ka lissafa maruƙa. Yau kana sa ran 34 a shekara. In ka koma wata 17, sun zama kamar 24. Rabinsu maza ne. Cikin matan wata za ta mutu, wata ba za ta yi kyau ba. Da me za ka maye tsofaffin? Ni na tsufa ina ganin garken da ke haihuwa shi ke ci gaba.

Likitan dabbobi:
Baba, ranka ya daɗe, lissafinka na maruƙa daidai ne, babu mai ja. Sai dai shanun da Malam yake magana a kai ba irin na da ba ne, shi ya sa tambayarsa take da tushe.

Ga abin da ke faruwa a jikin saniya mai yawan madara. Tana kai ƙololuwar madararta tsakanin mako 4 zuwa 8 da haihuwa, amma cin abincinta ba ya kai ƙarfinsa sai bayan haka da makonni. A wannan tsakanin abin da take fitarwa ya fi abin da take ci, sai ta cike gibin daga jikinta. Shi ya sa kake ganin ƙashin ƙugu ya fito. To a daidai lokacin nan, kwana 60, muke zuwa da allura muna so ta ɗauki ciki. Jikin da ke rama ba ya son sabon nauyi. In ka bari ta kai kwana 120 ko fiye, ta mayar da jiki, ta yi neman bijimi sau biyu ko uku mahaifa ta daidaita, yawanci ta fi saurin kamawa.

Batun haɗarin haihuwa ma gaskiya ne. Daga mako uku kafin haihuwa zuwa mako uku bayanta nan ne galibin ciwon saniyar madara yake: kwanciyar ƙarancin kalsiyam irin wadda ta kashe taka, riƙewar mabiyiya, ciwon mahaifa, kumburin hantsa, juyewar tumbin ƙarshe, wato gocewar ɓangare na huɗu na cikin saniya daga mazauninsa. Saniyar da ke haihuwa duk wata 15 za ta tsallaka wannan siraɗi sau huɗu a shekara biyar maimakon sau biyar.

Inda ban yarda da kai ba, Malam, shi ne "garken gaba ɗaya" da kuma "kwana 200". Shanu 34 ba hali ɗaya gare su ba. Kuma jinkirin barbara ba zai warkar da abin da ya kashe biyun nan ba. Ka sa a duba abincin da kake ba masu jiran haihuwa, musamman makonni ukun ƙarshe. In matsalar can take, ko bayan wata 20 suka haihu za ta same su.

Wanda ya taɓa gwadawa:
Ɗan'uwa, gani ya kori ji. Ni na yi abin da kake shirin yi, kuma haka na yi shi, kowa da kowa rana ɗaya. Shekarar farko na ji daɗi: allura ta ragu, kiran likita ya ragu, madara ba ta yanke ba. Abin da ban lura ba, manyan shanun da suka haihu uku ko huɗu, daga wata na 11 madararsu ta yi ƙasa sosai, ni kuma ban rage musu abincin ƙarfi irin su dusa da hatsi ba, tare suke ci da sabbin haihuwa. Abincin da ya kamata ya tafi hantsa sai ya tafi gadon baya. Suka yi ɓul-ɓul, gindin wutsiya ya cike, har baƙi na yaba min kiwo. Da haihuwa ta zo na gane kurena. Naƙuda mai wuya, bayan haihuwa su ƙi cin abinci, numfashinsu na wani wari, madara ta ƙi zuwa. Likita ya ce kitse ne ya taru a hanta. Ana cewa an je neman ƙiba an samo rama, ni ƙibar ce ta kayar da ni.

Ban daina gaba ɗaya ba. 'Yan haihuwar fari har yau ina jinkirta musu, kuma ban taɓa nadama ba. Tsofaffin ne na mayar kusa da tsarin da.

Mai tambaya:
Subhanallahi. Wannan ban kawo shi a raina ba ko kaɗan, ni ramar kawai nake gani. To ta yaya zan gane wadda za ta riƙe madara da wadda za ta juya ta koma ƙiba, tunda shawarar tun kwana 60 ake yanke ta, ba a ga ƙarshen tatsar ba tukuna?

Hajiya mai littafin tatsa:
Malam, amsar tana cikin littafinka, in kana rubutawa. In ba ka auna madarar kowace saniya ko da sau ɗaya a mako, to ka ajiye maganar nan tukuna ka sayi littafi.

Abin da ake dubawa ba yawan madarar da ta kai a ƙololuwa ba ne, yadda take sauka ne bayan nan. 'Yar haihuwar fari ba ta hawa sama sosai, amma saukarta a hankali ce, kamar kashi 6 cikin ɗari a wata. Babbar saniya tana hawa sama ta gangaro da sauri, kashi 8 zuwa 10 a wata. Shi ya sa karsanar da ka raina a wata na biyu za ka tarar ta kamo uwarta a wata na goma. Ga shi kuma jikinta bai gama girma ba, abincin da ya yi saura girma yake tafiya, ba kitse ba.

Ga lissafin da nake yi, mai sauƙi ne. A ce saniya ta ba ka lita 7,000 a kwana 305, ta huta 60, jimla kwana 365. Raba 7,000 gida 365, ka samu lita 19 da ɗan ɗoriya a kowace rana, har da ranakun hutun da take ci ba ta bayarwa. Wannan 19 ɗin ita ce ma'auninta. In ka ƙara mata kwana 90 na tatsa, tambaya ɗaya ce: a kwanakin da aka ƙara, za ta riƙa ba da 19 ko fiye? In eh, ba ka yi asarar madara ba, ga ragin haɗarin haihuwa a sama. In kuwa 11 ko 12 za ta riƙa bayarwa, kana ciyar da ita ne ta zauna a gurbin sabuwar haihuwa. Taka mai ba da 24 ranar ƙafarwa ma, ka lissafa nata ma'aunin ka gwada.

Ka kuma tuna cikin da kansa yana janye madara, musamman daga wata na biyar. Don haka saniyar da aka jinkirta wa barbara za ta riƙe fiye da abin da littafin bara ya nuna a kwanaki iri ɗaya. Wani abu kuma, madarar ƙarshen tatsa ta fi kauri, maiƙo da furotin sun fi yawa a cikinta. In mai sayen madararka yana duba wannan, ka sa shi a lissafi. In lita kawai yake ƙirgawa, manta da shi.

Ni kashi uku nake yi. 'Yan haihuwar fari masu kyau su jira 150. Manyan da suka ƙafe bara da madara mai yawa su jira 120. Sauran, musamman mai saurin ƙiba da mai yawan kumburin hantsa, da sun shirya ake yi musu.

Ɗalibin kimiyyar dabbobi:
Hajiya, abin da kika faɗa ya yi daidai da abin da muka karanta. Masu bincike na Jami'ar Wageningen a ƙasar Holan sun raba shanu gida uku, wasu suka jira kwana 50, wasu 125, wasu 200, aka buga sakamakon a 2021. 'Yan haihuwar fari ko da 200 suka jira madararsu ta kowace rana ba ta ragu ba. Manyan shanu kuwa 125 bai cutar da su ba, amma a 200 madara ta ragu kuma sun yi ƙiba. A Jamus ma an gwada 40 da 120 da 180 a wani garke mai yawan madara, aka buga a 2019, waɗanda suka jira sun fi kamawa a allurar farko. A Niyu Zilan kuma da aka gwada tatsar kusan shekara biyu, Holstein masu jinin Amurka sun fi riƙe madara, 'yan asalin can suka fi juyawa zuwa kitse. Wato jini ma yana da ta cewa.

Mai shanu masu tozo:
To mu dai namu kallo. Nawa ko ban ce komai ba, wata bakwai ko takwas sun ƙafe da kansu, wata ma in maraƙinta ya mutu shi ke nan ta rufe. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Na faɗa ne don kada mai irin nawa ya karanta ya ce zai kwaikwaya. Mu matsalarmu su kama da wuri ne, ba jinkiri ba.

Matatsi:
Yallaɓai, ni ba mai garke ba ne, ma'aikaci ne, amma mu ke kwana da su. In akwai bijimi a cikin garken, duk lissafin nan aikin banza ne, shi bai san kwana 150 ba. Sai an raba su. Sannan wadda aka bari ba ciki za ta riƙa neman bijimi duk bayan kwana 21 ko kusa da haka, ta yi ta hawan 'yan uwanta suna hawanta, ranar madararta ma takan ragu. In daɓen yana da santsi, sai an samu mai targaɗe. Kuma a sa wa waɗanda ake jinkirtawa alama, ko fenti a gindin wutsiya, don mai allura ba ya tambaya, in an ce tana nema sai ya yi.

Likitan dabbobi:
Madalla da wannan. In ƙara a kan nasa: ko ba za a yi allura ba, a rubuta ranar da ta nema. In ranar barbara ta zo kana da tarihinta, ka san yaushe za ka sa ido. Wadda ta kai kwana 60 ba a taɓa ganin ta nema ba, a duba ta a lokacin, kada a ce ai dama jinkiri ake yi. Saniyar da ka jinkirta da gangan daban, wadda mahaifarta ke da ciwo ka gano a kwana 200 daban. Ta biyun sai ta kai ka wata 20 ba ka shirya ba.

Dattijo mai tsohon garke:
Na ji, kuma in dai zaɓe za a yi ba shara ba, na sassauta. Amma har yanzu ba wanda ya ba ni amsar karsanai.

Hajiya mai littafin tatsa:
Baba, akwai maniyyin da aka tace, mafi yawan abin da yake bayarwa mata ne. A sa wa shanun da suka fi kyau shi. Kuma in tsofaffin suka daɗe ba su mutu a haihuwa ba, masu maye gurbin da ake bukata ma raguwa suke yi.

Mai tambaya:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Na janye maganar 200. Na duba littafi daren jiya: 'yan haihuwar fari 9 gare ni, zan fara da su a 150, sai manya 6 da suka ƙafe da fiye da lita 20 bara, su a 120. Masu ƙarshen tatsa zan ware musu wurin ci daban. Saura tambaya ɗaya, Likita. Akwai uku da suka riga suka yi ciki, ƙafarwarsu wata mai zuwa ne, kuma duk suna sama da 22. Su ya zan yi da su?

Likitan dabbobi:
Su kam ranar haihuwarsu ta riga ta tsaya, kuma hantsa na bukatar hutunta, kada ya gaza kwana 45. Mako biyu kafin ranar ka janye abincin ƙarfi, ka bar su da busasshiyar ciyawa mai kyau. A makon ƙarshe ka koma tatsa sau ɗaya a rana. Ruwa kuwa kada ka taɓa rage shi. So ake su sauko lita 15 ko ƙasa, don in nono na ɗiga ƙofarsa ba ta toshewa da wuri, ta nan ƙwayar cuta ke shiga. Ranar tatsar ƙarshe a gwada madarar kowane nono, a goge bakinsa da kyau, mai alamar ciwo a sa masa maganin ƙafarwa, sannan duka a sa musu abin toshe ƙofa. Ka duba hantsarsu safe da yamma har kwana goma, amma kada a sake tatsa ko da ta cika, sai in ta yi zafi ko saniyar ta daina ci, nan kuma ka kira likitanka a ranar.